Masarar Da Tsutsa Ta Ƙi

Masarar Baba tana da wata alama da ba kowa ke lura da ita ba. Fara ce, amma kowace ƙwaya tana da ɗan jan ɗigo a ka, kamar an taɓa ta da tsinin ƙusa mai tsatsa. Daga hannun mahaifiyarsa ya karɓi irin, ita ma daga hannun tata uwar, kuma tun da ya fara riƙe fartanya bai taɓa sayen iri a kanti ba. A gidan ba a ce mata masara. Irin Inna ake cewa. Inna ta daɗe da rasuwa. Ba ta bar hoto ba, ɗakinta ya rushe, tufafinta an rabar. Abin da ya rage nata shi ne goyon masarar da ke rataye a katakon rufin sito, an ɗaure su biyu-biyu da ɓawonsu. Baba kan shiga ya tsaya ƙarƙashinsu ya ɗaga kai, wani lokaci har ya gaya musu abin da ke faruwa a gari.

In ya ware na iri, sauran yakan kai wa mai injin haɗa abincin kaji da ke bakin gari. Mai injin yana yi wa wata babbar gonar kaji aiki, masu sayen ƙwan gonar kuma sun kafa sharaɗi: kada a ba kajin hatsin da aka sauya wa halitta. Saboda haka duk abin da zai shiga injin, masara ce ko waken soya ko dusa, sai an caki buhu an ɗebi kaɗan an aika ɗakin gwaji. A wannan ɗakin gwajin autar Baba take aiki.

Wata rana da hantsi motar mai injin ta tsaya a ƙofar gida. Baba yana tsugune gefen kwata yana kallon wani ƙadangare mai wutsiya biyu, wanda ya daɗe yana fakon fitowarsa. Ƙarar motar ta kori ƙadangaren. Da ya ɗaga kai sai ya ga ana sauke buhuna, ya kuma gane ɗinkin bakinsu, domin shi ya ɗinke su da hannunsa.

"Baba, kayanka ne na dawo maka da su," in ji mai injin, yana share wuya da hankici.

"Ƙwari ka gani a ciki?"

"Da ƙwari ne ai da sauƙi. Ɗakin gwaji sun ce akwai wadda aka sauya wa halitta a ciki. Ba kaɗan ba kuwa."

"A masarata?"

"A buhunanka dai. Ni ban ce komai ba. Amma ai an sani, in kaya bai cika buhu ba mutum kan leƙa kasuwa ya ciko. Ba a kanka aka fara ba."

Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta leƙo da kwanon tsaba a hannu.

"Wa zai leƙa kasuwa? Wannan? Mutumin da in ka aike shi sayen gishiri sai ya dawo maka da dutse, wai ya yi kama da kan akuya? Ɗana, in mai wayo kake nema ka yi ɓatan gida."

Baba bai yi dariya ba. Ya warware ɗinkin buhu ɗaya, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo ya baje a tafinsa. Kowace ƙwaya da jan ɗigonta.

"Nuna mini baƙuwa guda a nan."

"Ido ba ya ganinta, Baba. Ni ma ban gani ba, faɗa mini aka yi." Mai injin ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. "'Yarka ce ma ta yi gwajin. Ka tambaye ta."

Motar ta tafi ta bar buhunan jingine da katanga, kamar baƙin da aka hana shiga.

Auta ta dawo da la'asar. Da ta hangi buhunan sai ta rage tafiya. Ta tarar da Baba zaune a bakin sito, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa.

"Samfur ba ya zuwa mana da suna, Baba, lamba ce kawai a jikin leda. Sai da na juye a injin niƙa na ga jan ɗigon. Har na yi murmushi ni kaɗai, na ce yau kakata ta kawo mini ziyara wurin aiki."

"Sai kuma kika kore ta," in ji Gwaggo daga wajen murhu.

"Gwaggo, na sake gwadawa. Na wanke komai na kuma sakewa. Abu ɗaya yake fitowa."

"To ba ki iya kau da kai ba? Ubanki ne fa, ba buhun dusa ba."

"In na kau da kai a nan, can gaba wani ɗakin gwajin zai gani. Ranar nan ba Baba kaɗai za a kira maƙaryaci ba."

Baba ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Tun hantsi yake juya maganar, kuma ya sami inda zai jingine ta. Buhunan tsofaffi ne, daga wajen mai injin ya aro su. Wa ya san abin da suka taɓa ɗauka? Ƙarfen da ake cakar buhu da shi kuma, daga wannan buhu zuwa wancan yake yawo, ba wanda ya taɓa ganin an wanke shi. Ya miƙe ya shiga sito, ya hau kan wani tsohon akwati, ya kwanto goyo biyu daga rufi.

"Wannan bai taɓa shiga buhun kowa ba. Daga gona sai hannuna, daga hannuna sai sama. Shi za ki gwada. Kuma ki kai ni in ga mai faɗin maganar da idona."

"Inji ne fa, Baba, ba mutum ba."

"Ko aljani ne, ki kai ni."

Washegari da safe suka tafi. Ɗakin gwajin yana saman wani kantin sayar da tayoyi, sai an hau matakala mai warin roba. A bakin ƙofa shugaban Auta ya tare su, wani siriri da ma'aikata ke kira Tabarau a bayan idonsa. Ya ba Baba farar riga, da hular raga, da wasu shuɗayen ledoji da ake sa wa takalmi. Baba ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Ashe takalmi ma yana da nasa takalmin."

Abin da ya fi ba shi mamaki, ɗakunan ba sa ga-maciji da juna. A na farko ake niƙa, a na ƙarshe injin gwajin yake, kuma wanda ya yi niƙa ba ya shiga wajen injin da rigar da ya yi niƙar, domin ƙurar garin da ta maƙale a hannun riga ta isa ta ɓata aiki. Samfur kansa ta wata 'yar taga ake miƙa shi, sai an rufe murfin wannan gefe kafin na wancan ya buɗe. Baba ya tsaya a baranda yana kallo ta gilashi.

Ya ga Auta ta murje ƙwayoyin irin Inna, ta zuba a injin niƙa, nan take suka zama gari, jan ɗigon ya ɓace. A duk garin nan, abin da ta ɗiba bai wuce cikin farce ba. Ta zuba masa ruwa daga wata kwalba, ta ɗumama, ta sa a wata na'ura mai juyawa kamar za ta tashi sama, ta tsiyaye, ta sake zuba wani. Abin sai raguwa yake yi, har ya koma ɗigon ruwa garau a gindin wani ɗan bututu da bai kai yatsan jariri ba.

"Ina masarar?" ya tambayi Tabarau.

"Ita ke nan, Baba. Mun zubar da garin mun bar rubutun."

Ya ja masa kujera ya yi masa bayani a hankali. Kowane mai rai, ya ce, yana ɗauke da wani rubutu a cikin jikinsa wanda ke gaya masa yadda zai fito. Masu sauya halittar masara layi suke ƙarawa a rubutun. Wannan layin injin yake nema. In ya same shi sai ya kwafa, ya kwafi kwafin, ya yi ta yi har abin ya yi yawan da zai haska a gani. In babu, ba abin kwafa, sai ya yi shiru.

"Ashe jita-jita yake yi," in ji Baba. "Ɗaya ya gaya wa biyu, biyu su gaya wa gari."

Tabarau ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ɗin ya goge. "Sai dai shi ba ya ƙara gishiri."

Aka daɗe ana jira, azahar ta wuce. Sannan Auta ta kira su gaban allon kwamfuta. Zare uku ne a kwance, kowane da launinsa. Shuɗin, in ji ta, ruwa ne zalla, dole ya zauna a kwance, in ya tashi aikin ya ɓaci. Jan na masarar da aka riga aka san an sauya ce, dole ya tashi. Koren na Baba ne. Suna tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, kamar macizai uku suna shan hantsi. Can sai jan ya ɗaga kai ya fara hawa. Baba ya dafe gefen tebur, leɓɓansa na motsi. Kwanta, yake cewa a ransa, kwanta, ɗan albarka. Koren ya ƙara 'yar tafiya a ƙasa, har Baba ya fara sakin numfashi. Sai shi ma ya ɗaga kai, ya bi bayan jan kamar ƙaninsa.

"Ya tashi da wuri," in ji Tabarau, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan ba ƙurar buhu ba ce. Tana ciki sosai."

"Guba ce?"

"Wannan injin ba ya faɗar haka. Wasu na nomanta suna jin daɗi, wasu ba sa son ta kusa da su. Mu abin da ake tambayarmu shi ne akwai ko babu."

"To ni ga tawa tambayar. Wannan masarar, ta Inna ce ko ba tata ba ce?"

Tabarau ya dubi Auta. Auta ta dubi allon.

Suka hau motar haya zuwa gida. Sai da suka sauka Auta ta lura Baba bai cire shuɗayen ledojin ba. Haka ya taka titi da su har gida. Ya wuce kai tsaye cikin sito, ta bi shi.

"Abin da ya ɗaure mini kai," ya ce, yana kallon rufi, "shekarun nan ne ma ta fi kyau. Da can sai in ɓare tuli guda kafin in sami na ratayewa. Kin san yadda Inna ta koya mana. Ka ɓare, ka duba baki, ka duba gindi, ka juya. In tsutsa ta taɓa shi, ko hujin allura ne, ba ya hawa sama. Ta taɓa buge mini hannu a kan haka."

"Na sani, Baba."

"To wata shekara tsutsa ta yi mana kaca-kaca, ganye ya koma kamar rariya. Sai na ga wasu 'yan karare tsaye a tsakiyar gona, ko ƙwarzane babu. Na ɗaura musu tsumma don kada su ɓace mini, da kaka na ba su gaban katako. Da shekara ta zagayo suka ƙaru. Ta gaba suka ƙara ƙaruwa. Bana kam mai huji ne ma ya yi wuyar samu. Na ɗauka Inna ce. Na yi mafarkinta tana bin kunya-kunya da sassafe, tana tsince tsutsa tana zubawa a haɓar zane."

Auta ta zauna a kan wani kwando da ke kife.

"Baba, yaushe Dogo ya fara shuka irin kanti?"

Dogo shi ne mai gonar da ke tsallaken hanya, daura da tasu.

"Shekarar da aka zuba wa hanyar kwalta."

"Kararen da ka ɗaura wa tsumma fa?"

"Damina ta gaba."

Ta rufe fuska da tafin hannu, sannan ta buɗe. Ta gaya masa abin da aka ƙara wa irin Dogo ke nan: tsutsa in ta ci sai ta mutu. In masararsa ta yi fure, iska kan kwashi bununin, wato ƙurar furen, ta tsallaka hanya ta zube a gemun tasu. 'Yan ƙwayoyi ne za su ɗauka, nan ɗaya can ɗaya, kuma da an bar su da sun ɓace cikin yawa. Amma su ne suka tsiro suka zama kararen da tsutsa ta ƙi. Su ne kuma, kowace kaka, suka fi dacewa da hawa sama.

A waje kaji na ta hayaniya.

"Wato duk shekara ni nake tsince baƙuwar ina ba ta wurin zama, ina korar 'yan gida."

"Yadda aka koya maka ka yi, Baba."

"Jan ɗigon fa? Ga shi nan a kanta."

"Fuska ce. Fuskar ba ta sauya ba." Sai kuma ta miƙe zumbur. "Waɗanda tsutsa ta ci, ina kake kai su?"

Ba ta jira amsa ba, domin dukansu sun san ta. Masu huji rabon kajin Gwaggo ne tun da aka fara kiwo a gidan.

Suka tarar da ita a bakin akurki, tsohon baho a gefen ƙugu, tana murje goyo tana watsa wa kaji.

"Gwaggo, tsaya! Kada ki ƙara watsawa!"

"Yau kuma kajina za a yi wa gwaji?" Ta dubi ƙafafun ƙaninta. "Kai kuma mene ne wannan? Can ɗin asibiti ne, suka sallamo ka ba ka warke ba?"

Baba ya karɓe bahon. Tun kaka take ɗiba, abin da ya rage ɗan kaɗan ne a gindi: 'yan goyo ƙanana, bakinsu ya yi baƙi, ga hanyoyin tsutsa sun ratsa su, ga kashinta kamar garin katako. Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu. Hannun nan ya yi shekara da shekaru yana jefar da irinsu, sai da ya matsa masa kafin ya riƙe.

"Su ma ba duka ne masu tsabta ba," in ji Auta. "Karan da ya haife su na Inna ne, shi ya sa tsutsa ta ci. Amma bununin maƙwabtansu na cikin gonarka ya zuba a kansu. Sai mun shuka, kowane tsiro in yanki ganyensa in gwada shi shi kaɗai."

"Kajina fa?" in ji Gwaggo. "Iska za su ci?"

Baba ya koma sito. Suka ji ƙarar akwati, can sai ya fito rungume da goyon da ya kwanto daga rufi, manya-manya, ƙwayoyi jere reras kamar haƙora, ba huji ko ɗaya. Ya zube su a gaban akurki. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Washegari ya tsallaka hanya. Dogo na gyaran babur a ƙarƙashin bishiya. Ya miƙe ya ba shi benci, ya saurara har ƙarshe, hannuwansa duk baƙin mai.

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ka tuna shekarar da tsutsa ta bar ni da kara zalla? Saura kaɗan in rabu da gonar. Irin nan ne ya tsayar da ni."

"Na tuna."

"In na ce maka zan daina, na yi maka ƙarya. Iska kuma, ka gaya mini inda ake ɗaure ta in je in ɗaure."

Baba ya dubi hanyar. 'Yar siririya ce, akuya ma in ta ga dama tsalle biyu take yi ta wuce. Ya yi masa sallama ya dawo. Bai sami wanda zai yi fushi da shi ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

Buhunan bakin katanga wani mai shanu ya zo ya kwashe, shi bai damu da rubutun ciki ba. Gonarsa ta bakin hanya kuwa, da ruwa ya sauka wake Baba ya zuba mata.

Tabarau ya yarda Auta ta riƙa yin gwajin in aiki ya lafa. Ita da Baba suka murje 'yan goyon, suka zubar da ƙwayoyin da suka ruɓe, suka shuka sauran a gwangwanaye, aka jera su a tsakar gida inda bakin kaji ba ya kai. Da yawa ba su fito ba. Waɗanda suka fito, Auta ta bi su da ɗan almakashi, tana goge shi tsakanin tsiro da tsiro, tana sa kowane guntun ganye a bututunsa. Duk ranar da ta dawo da sakamako, da jan zare take zuwa. Ta durƙusa ta ɗaura wa wannan, ta tsallake wancan, ta ɗaura wa na gaba. Baba na biye da ita yana tumɓuke masu jan zaren, domin ya ce ba wanda zai yi masa wannan aikin. A ido duk ɗaya suke, kore shar, kowane da raɓarsa a kunne. Akwai wani da ya fi so, mai ganye a murɗe kamar ƙahon rago, kullum shi yake fara dubawa. Ranar da jan zare ya hau kansa, ya tumɓuke shi, ya ɗan riƙe shi a hannu, sannan ya shiga ɗaki bai fito cin abinci ba.

Waɗanda suka tsira ba su cika kunya biyu ba. Ya dasa su a bayan gida, inda katanga ke tare iska. Da suka fara goyo, Auta ta kawo 'yan jakunkunan takarda ta nuna masa yadda ake yi: a rufe gemu tun bai fito ba, a rufe fure, da safe a karkaɗe bununin wannan a zuba a gemun wancan, a sake rufewa. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin mai yi wa masara dalilin aure ba sai a gidan nan.

A tsallaken hanya gonar Dogo ta yi fure gaba ɗaya. In iska ta taso daga can, Baba kan bar abin da yake yi ya fita ya bi takardun yana tattaɓawa. Wata safiya bayan hadari ya tarar da takarda ɗaya a gindin katanga, a jiƙe. Goyon da ta fita daga kansa shi ne mafi girma a kunyar, gemunsa a waje yana ƙyalli. Bai san tun yaushe yake a buɗe ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɓalle shi da kansa ya jefa wa kaji.

Da kaka, abin da ya samu bai cika bahon Gwaggo ba. Auta ta ɗebi ƙwayoyi daga kowane goyo ta tafi da su. Ta dawo da la'asar, tun daga ƙofa tana cewa, "Ya kwanta, Baba. Koren ya kwanta har ƙarshe."

Ya gyaɗa kai. Ya shiga sito da bahon, ya hau akwati. Goyon farko da ya ɗauko ƙarami ne, a karkace, tsutsa ta cinye masa baki ta bi ta ciki. Ya juya shi, ya duba gindi, hannunsa ya yi kamar zai jefar, ya tsaya. Ya ƙulle ɓawonsa da na wani mai huji irinsa, ya rataye su a gaban katako.

Gwaggo na tsaye a ƙofa. "Da Inna na nan da ta buge maka hannu."

"Da ta buge."

"Baɗi fa? Dogo zai sake shukawa."

"Zai sake."

Ya rataye sauran, suka taru a kusurwa guda, ragowar katakon duk wayam. Ya ɗaga kai zai gaya musu abin da ke faruwa a gari kamar yadda ya saba, ya rasa ta inda zai fara. Iska ta taso daga tsallaken hanya ta kaɗa kwanon rufin. Ya sauko, ya jawo ƙofar sito ya rufe, duk da ya san busasshen goyo ba ya ɗaukar komai daga iska.